Tambayi Likita: Tsiron Ƙaiƙayi a Lambun Gida

Tambaya: Likita, a Maryland ta Amurka muke. Tsiron ƙaiƙayi da ake kira poison ivy ya mamaye shingen lambunmu, maigida ya ce zai sare shi ya cinna masa wuta. Ya dace?

Amsa: Hajiya, ki hana shi, ko da ransa zai ɓaci. Wannan tsiro mai ganye uku-uku yana da wani maiƙo mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje, urushiol, a ganye da kara da saiwa. Wuta ba ta gamawa da shi, hayaƙi ne ke kwasarsa zuwa ido da maƙogwaro da huhu, sai ki ga mutum a gadon asibiti. A jira ruwan sama ya tausasa ƙasa, a sa riga mai dogon hannu da safar hannu mai kauri, a tumɓuke shi har saiwa, a ɗaure a leda sai shara. In ya yi yawa, a fesa maganin ciyawa mai glyphosate ko triclopyr. Kada a manta da wanke fartanya da takalma, nan ne aka fi sakaci. Maiƙon kan shekara a jikin kaya bai daina aiki ba.

Tambaya: Ɗana ya taɓa shi, ƙuraje masu ruwa sun feso masa. Ƙannensa za su ɗauka?

Amsa: A'a, Malam. Ruwan ƙurjin ba ya yaɗa komai, sai dai maiƙon da ya rage a tufafin da ba a wanke ba, ko gashin kare. Ƙurajen kan fito cikin awa 12 zuwa 72, su lafa a mako 1 zuwa 3. A shafa masa maganin ƙaiƙayi na kalamin, a danna da tsumma mai sanyi, a yanke masa farce. In fuska ko al'aura ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙurjin ya fara mugunya, asibiti nan take. Gaba kuma, da ya taɓa, a wanke da sabulu cikin mintuna.

Tambaya: Daga Zariya nake. Muna da shi a nan?

Amsa: Babu, amma akwai danginsa masu irin wannan maiƙo: mangwaro da kashu. Shi ya sa leɓen wasu ke kumbura in sun tsotsi mangwaro da ɓawonsa, masu fasa kashu kuma hannunsu ke saɓulewa. In kana cikinsu, wani ya feraye maka.