Gayya ko Taron Tsintsiya? Amsoshin Tambayoyinku

Wata malama daga unguwar Zariya, nan Maradi, ta ce tana shirya darasin da ɗalibanta za su bi ta salula, kuma tana son su riƙa aiki rukuni-rukuni. Ta ce: "Malam, wane suna zan sa wa wannan sashe, haɗin kai, haɗin gwiwa ko taron dangi?"

Malama, ki fara cire taron dangi, don ba a faɗinsa sai in mutane da yawa sun tasar wa mutum guda da duka ko da faɗa. Haɗin kai kuwa magana ce ta ra'ayi, ana iya yin sa kowa na kwance a ɗakinsa. Haɗin gwiwa ya fi kusa, sai dai ya zama na labarun rediyo, tsakanin gwamnati da ƙungiyoyi. Da ni ne, gayya zan sa.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Madarunfa ko Tibiri ya san gayya tana da ƙa'ida. Mai gona ne ke gayyata, ya sa rana, ya faɗi aikin: noman fari ne ko maimai. In an hallara sai a jera, kowa da kunyarsa (ta gona nake nufi, ko da yake ɗayar ma tana aiki a ranar). Makaɗi na biye da su, yana wasa wanda ya yi gaba, yana zolayar wanda ya sare. A sha fura, a ci tuwo, wani makon kuma a koma gonar wani. Ba mai ɓuya cikin jama'a, domin kunyar da ba a nome ba daga nesa ake hango ta.

To in kin ɗauki kalmar, ki ɗauke ta da sharuɗɗanta. Kada ki tura wa yara arba'in saƙo a WhatsApp ki ce "ku tattauna darasi na uku". Uku za su yi magana, sauran su yi lamo. Raba su biyar-biyar. In darasin a kan Gulbin Maradi ne, wannan ta nemo inda ya faro a Najeriya, wancan ya tambayi manoman fadama abin da suke shukawa da rani, wani ya ɗauko hoto, wata ta haɗa bayanin, na biyar ya karanto shi da murya. In ɗaya ya yi sanyi, giɓin ya fito fili. Masana koyarwa sun daɗe da sanin wannan dabara. Elliot Aronson ya gwada ta a makarantun birnin Austin na Amurka a 1971, inda kowane ɗalibi ke riƙe da yankin darasi guda da sauran ba su da shi.

Ke ce makaɗiya. Saƙon murya na minti guda, mai ambaton sunan yaro da abin da ya kawo, ya fi doguwar takarda tayar da su. Kuma kada ki ce dole kowa ya hau a sa'a ɗaya: wani rezo ya yanke masa, wani megarsa ta ƙare, wani wayar ta yayansa ce sai dare take zuwa hannunsa. Ba su wa'adin kwana biyu ko uku.

Wani ɗalibi daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya tambaya ko "tsintsiya maɗaurinki ɗaya" da "taron tsintsiya ba shara" ba su ci karo da juna ba. Ba su ci ba, ɗana. Ta farko tana yabon ɗauri ne, wato abin da ya riƙe jama'a wuri guda. Ta biyu tana kushe yawan da ba ya tsinana komai. Ka duba rukunin ajinku a waya: in gaisuwar Juma'a da hotunan dariya sun fi tambayar karatu yawa, ka san wacce ta dace da ku.

Sai wanda ya rubuto daga Tasawa cewa ya ga an buga "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jikka". Kuskure ne, jinka ake cewa, wato rufin ciyawa mai tsini da ake ɗaurewa a ƙasa sannan maza su taru su ɗora shi bisa ɗaki ko rumbu. Jikka kuwa, ko ta kaya ko ta kuɗi, yaro ma da hannu ɗaya yake ɗauka.