Allurar ciwon hanta nau'in A ta riƙe mini kafaɗa, ko ina da hakkin diyya?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Amurka nake zaune. Wata huɗu da suka wuce, zan tafi gida ganin dangi, sai aka yi mini allurar rigakafin ciwon hanta nau'in A a wani kantin magani. Tun daren ranar kafaɗata ta hagu ta riƙe. Har yau ba na iya ɗaga hannun sosai wajen kabbara, sa riga ma sai da dabara. Aikin allurar ne? Kuma zan iya kai ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya.

Alluran da ake yi a Amurka su ne Havrix da Vaqta, sai Twinrix da ta haɗa nau'in A da B. Matacciyar ƙwayar cuta ce a cikinsu, don haka ba sa iya sa wa mutum ciwon hanta. Abin da aka saba gani bayan allurar shi ne tsamin dantse, ɗan ja ko kumburi a wurin, ciwon kai, kasala, zazzaɓi kaɗan, wani lokaci rashin son abinci, kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya wuce. Mai tsananin, wato kumburin fuska da maƙogwaro da sarƙewar numfashi, kusan mutum ɗaya cikin miliyan yake samu, kuma cikin mintuna zuwa 'yan awanni yake tasowa.

Naka ya fi kama da abin da likitoci ke kira SIRVA, rauni a kafaɗa da ke zuwa daga yadda aka soka allurar, ba daga ruwan maganin ba. Ƙa'ida ita ce a auna faɗin yatsu biyu zuwa uku ƙasa da ƙashin saman kafaɗa, a soka a tsakiyar tsokar dantse. Idan mai allurar ya yi sama da yawa, musamman yana tsaye kai kana zaune, sai tsinin ya zarce cikin 'yar jakar ruwan da ke tsakanin ƙashi da jijiyoyi. Jiki ya ga baƙon abu a inda bai kamata ba, wurin ya kumbura, kafaɗa ta sandare. Shi ya sa ciwon ke ƙaruwa da dare in an kwanta a kan gefen. Amma likita ne zai tabbatar, sau da yawa da hoton MRI. Maganin yawanci gashin ƙashi ne da maganin kumburi, wani lokaci allurar siteroyid a gaɓar. Wata huɗu ya yi yawa a zauna ana shafa man zafi.

Batun ƙara kuwa, ba a fara ta da kamfanin maganin ko kantin da ya yi allurar. Wata dokar Amurka ta 1986 ta kafa shirin diyya da ake kira VICP, wanda ya fara aiki a 1988, kuma ta wajabta a fara bi ta nan. Ana shigar da koke a kotun tarayya ta neman hakki daga gwamnati da ke Washington, kuɗin diyyar kuma daga harajin da ake ɗorawa kan alluran rigakafi, santi 75 kan kowace cuta da allurar ke karewa, yake fitowa. An sa rigakafin nau'in A cikin shirin a Disamban 2004. Sunan dokar ya ambaci yara, amma kada hakan ya ruɗe ka: manya ma suna ciki, kuma ba a tambayar ko kai ɗan ƙasa ne.

Sa'arka ita ce akwai jadawalin raunukan da doka ta riga ta amince da su, kuma biyu ne a ƙarƙashin wannan allura: ciwon kafaɗa da ya fara cikin awa 48, da suma cikin awa ɗaya. Wanda ya faɗa cikin jadawalin ba sai ya kawo hujjar cewa allurar ce sanadi ba. Wanda ciwonsa ba ya ciki, sai ya nemo ƙwararren likita ya yi bayanin yadda allurar ta jawo shi, kuma wannan hanya ce mai tsawo.

A nan mutane ke faɗuwa, wajen takardu. Kotu ba ta aiki da "wallahi tun daren ya fara", abin da ke rubuce a fayil ɗin asibiti take dubawa. In ka je wurin likita ka ce "kwanan nan ya dame ni", haka zai rubuta, lauyoyin gwamnati kuma su riƙe wannan kalmar. Faɗi ranar allurar, da hannun da aka yi ta, da cewa a daren ciwon ya fara, ka kuma tabbatar an rubuta. Ka karɓo takardar shaidar allurar daga kantin. Za a duba ko ka taɓa kukan wannan kafaɗar a baya, in ka taɓa, lamarin zai yi wuya.

Sai sharuɗɗa biyu na lokaci. Dole illar ta wuce wata 6, sai fa in ta kai ga kwanciya asibiti da tiyata. Kai kana wata na huɗu, don haka ci gaba da zuwa asibiti, kada a sami giɓi a fayil ɗinka. Wa'adin shigar da koke kuma shekara 3 ne daga ranar da alamar farko ta bayyana, ba daga ranar da likita ya gano sunan ciwon ba. Kai rahoto ga VAERS, ma'ajiyar rahoton illar allurai, yana da kyau, amma ba ya tsayar da wannan wa'adi.

Abin da ake biya ya haɗa da kuɗin magani da inshora bai biya ba, da albashin da aka rasa, da diyyar wahala wadda ba ta wuce dala 250,000. Lauya ba shi da kaso a ciki; shirin ne ke biyansa daban, ko da an faɗi, muddin koken na da tushe. Duk lauyan da ya ce a ba shi kashi ɗaya cikin uku, ka nemi wani.

Da a Najeriya aka yi maka allurar, da galibi wannan shiri ba zai shafe ka ba, sai dai ka kai rahoton illar ga NAFDAC. Allura ta biyu kuma, wadda ake yi bayan wata 6, ka tattauna da likitanka a yi ta a ɗaya hannun.