Fostar jirgin ƙasa ta gaske ko jabu? Amsoshin masu tara tsoffin takardu

Tambaya: Malam, na ga wata fostar LNER, tsohon kamfanin jirgin ƙasa na Ingila, a intanet. Mai ita ya ce bugun 1930 da 'yan kai ce, ga ta fes kamar jiya ta fito daga maɗaba'a, kuɗinta kuma bai kai rabin yadda ake sayar da irinta a gwanjo ba. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, araha ba ta ado. Kafin ka tura ko sisi, bari takardar ta ba da shaida da bakinta.

Fara da awo. LNER ya yi aiki ne daga 1923 zuwa ƙarshen 1947, domin a 1948 gwamnati ta haɗe manyan kamfanonin jirgin ƙasa huɗu na ƙasar, har da shi, suka zama British Railways. Fostocin tasha na wancan zamani akasari girma biyu gare su: inci 40 da 25, ko inci 40 da 50, saboda allunan da ake manna su haka aka yanka su. In taka ta zo daidai da firam ɗin falo, to don falon aka buga ta.

Sai ka ce a ɗauko maka hoto na kusa-kusa, ko ka sa gilashin ƙara girma in ta zo hannu. Yawancin fostocin zane na lokacin launi-launi ake buga su, kowane da nasa faranti, shi ya sa za ka ga shuɗin teku ya kwanta shimfiɗe, wani wurin ma gefen launi ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Kwafin zamani kuwa ɗige-ɗige ne birjik, ja da shuɗi da rawaya da baƙi. Duba can ƙasa, za ka tarar da sunan maɗaba'a da ƙananan haruffa. A kwafi sau da yawa sun dushe ko an yanke su. In kana da fitilar nan mai shuɗin haske ta duba kuɗin jabu, haska bayan takardar. Wadda ta yi ƙyalli fari fat tana da sinadarin ƙara haske, shi kuwa bai yaɗu a takarda ba sai wajen 1950.

Wani abu kuma: in an manna ta a kan ƙyalle, ba laifi ba ne, masu gyara sun saba yi. Amma tambayi ko akwai wurin da ya lalace aka cike da fenti. Dillalin da ya fara kame-kame a nan, ka yi masa sallama.

Tambaya: Ina sha'awar harkar amma aljihuna bai da nauyi. Da me zan fara?

Amsa: Tikiti da jadawalin tafiya. Ɗan tikitin kwali irin wanda Thomas Edmondson ya ƙirƙiro ya yaɗu tun wajen 1840, British Railways bai daina amfani da shi ba sai 1990, don haka yana da yawa, yana kuma ɗauke da lamba da hatimin rana. Kada ka bi sunaye irin fostar jirgin Nord Express da Cassandre, shahararren mai zane na Faransa, ya zana a 1927, wannan fagen masu hannu da shuni ne. Zaɓi layi ɗaya ko kamfani ɗaya ka san shi ciki da bai. Ni a ganina tikitin ƙaramar tashar da aka rufe ya fi tarin kalandun da kowa ke da su.

Tambaya: Na gāji wani jadawali daga mahaifina, ya yage a lanƙwasa. In liƙe da salatif ko in kai a yi masa laminatin?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinki, Hajiya. Ko ɗaya kada ki yi. Gam ɗin salatif yana ratsa takarda ya bar tabo ruwan kasa da ba ya fita, laminatin kuwa in an yi ba a kwancewa, masu saye ma gudunsa suke. Ki cire duk wani fil ko ƙarfen da ya fara tsatsa, ki shimfiɗa shi a leda ta ajiyar takardun tarihi marar asid, nesa da rana da danshi. In kina so ki rataya a bango, ɗauki hotonsa ki sa a firam, na asalin ya zauna a akwati.