Tambayi Bakanike: Inji na ruri, taya ta ƙi tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Winnipeg ta ƙasar Kanada, wannan ne hunturuna na biyu. A watan Oktoba na sayi injin kwashe dusar ƙanƙara na hannu wajen wani dattijo da zai tashi daga unguwarmu. Ja ɗaya yake tashi, kuma yana watsa dusar da nisa. Amma in na danne hannun tafiya sai ya ɗan motsa ya cije, musamman a bakin titi inda motar hukuma ke tara tudu. Da ƙirji nake tura shi. Kafin sanyi ya shigo na buɗe cikinsa na shafa giris ko'ina don in kyautata masa. Maƙwabcina ya ce giya ce ta mutu, in sayi sabo. Ina mafita?
Ɗalibi, daga Winnipeg

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Ina karanta wasiƙarka na zo kan maganar giris ɗin nan sai da na yi dariya, don kai da kanka ka kawo mai laifi har gaban alƙali.

Maƙwabcinka mota yake tunani. Yawancin injinan nan masu manyan tayoyi biyu ba su da akwatin giya irin na mota. Abin da ke cikinsu ya fi injin markaɗe sauƙin ganewa. Inji yana juya fuli, fuli yana jan bel, bel yana juya wani faifan ƙarfe mai kama da murfin tukunya. A gaban faifan akwai wata 'yar ƙaramar taya mai roba a bakinta, tana zaune a kan wani sandan ƙarfe mai kusurwa shida. In ka danne hannun tafiya, waya ce ke ja har faifai da robar nan su haɗu, sai robar ta juya, ta miƙa ƙarfin zuwa tayoyin ƙasa ta hanyar sarƙa ko haƙora. Sandan giya da kake gani da lamba 1 zuwa 6 da ribas biyu, aikinsa kawai ya zame 'yar tayar a kan sandan ƙarfen. Kusa da tsakiyar faifai tafiya a hankali, can bakin faifai sauri, in ta tsallake tsakiya zuwa ɗaya ɓangaren sai inji ya koma da baya. Shi ke nan duk giyar.

To ka ga duk nauyin injin nan a kan gogar roba da ƙarfe ya dogara. Ka zo ka sa giris a tsakani. Ko ba ka shafa a kan faifan kai tsaye ba, da zarar ciki ya ɗumama abin da ka lafta wa sandan ƙarfe da sarƙa zai yi tsalle ya sauka a kai. A fili mai laushi robar za ta ɗan kama, shi ne motsin da kake gani. Da ka kai tudun bakin titi, inda dusa ta cakuɗe da gishiri ta daskare, sai santsi ya kwashe ta.

Ga yadda za ka yi ranar da kake gida. Da farko zare wayar fulogi ka kautar da ita gefe, kada ka sa hannu ciki kafin wannan. Ka bari fetur ya ƙare ko ka zuƙe shi, don za ka kifa injin ya tsaya a kan bakinsa, hannayensa na kallon sama. Ka sa katako ka tokare shi. Kwance kusoshin kwanon da ya rufe ƙasansa. Kada ka yi mamaki in ka tarar da gidan ɓera, na sha cire tsumma da ɓawon iri cike da hannu biyu a wurin nan. Samo maganin wanke birki na feshi, wanda ake sayarwa a shagon kayan mota, ka fesa a tsumma mai tsabta ka goge faifan har sai tsumma ya daina baƙi. Goge robar ita ma. Giris ɗin da ke kan sandan ƙarfe ka share shi duka, ka mayar da ɗan kaɗan da kan yatsa, wanda ido ma da ƙyar zai gani.

Tunda ciki na buɗe, dubi robar da kyau. Lafiyayya tana da tudu, in ka danna da farce tana ɗan lotsawa. In ta tsattsage, ko ta yi ƙyalli kamar an goge takalmi, ko ta cinye har ƙarfe ya kusa leƙowa, ta gama aiki. Wadda ta daɗe tana shan mai kuma takan kumbura ta yi laushi, wanki ba ya maido ta. Kuɗinta bai kai na tankin fetur ɗin mota ba. Akwai 'yar takarda manne a bayan injin mai lambar samfurinsa, ɗauki hotonta da waya ka kai shago, kada ka saya da ƙiyasin ido. Wasu injinan zoben robar kaɗai ake canzawa, wasu da ƙarfenta take zuwa. Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto, don wanda ya zare sandan nan ba hoto yakan kwana yana neman inda washa ɗaya ta fito.

In ka mayar da komai, gwada wayar hannun tafiya, inji a kashe. Saki hannun ka tura injin: ya kamata ya gangara ba gardama. Danne hannun ka sake turawa: ya kamata tayoyi su cije. In ka danne kuma yana gangarawa, waya ta saki, akwai wurin ɗaure ta a jikinta ko a ƙasa inda ta maƙale. Kaɗan-kaɗan ake ɗaurewa. In ka wuce gona da iri robar za ta riƙa taɓa faifai ko ba ka danne ba, ka tada inji ya kama hanya shi kaɗai ya nufi ƙofar gareji.

Sai bel. Cire murfin roba da ke tsakanin inji da bututun watsa dusa, za ka ga bel na tafiya daban, na baki daban. In na tafiya ya tsage ko ya nutse cikin fuli, canza shi, ka kuma duba sifirin ɗin da ke tsuke shi bai ɓalle ba. Amma ni dai ina da yaƙinin tsumma zai gama maka aikin. Ka rubuto mana ka faɗi yadda aka ƙare.

Tambaya: Malam barka da aiki. Nawa injin ƙarami ne, mai 'yan tayoyi kamar na keken yara. Da yana jana gaba da kansa, bana kuwa sai na tura, kuma yana barin dusa a ƙasa. Ina jin tsoron tara, don a nan ana ba mu awa 24 ne mu share gaban gida.
Hajiya, daga Minneapolis

Amsa: Barka kadai Hajiya. Naki ba irin na ɗalibin can ba ne, kada ki sa yara su kifa shi suna neman faifai. Tayoyinsa ba sa ɗaukar ƙarfi ko kaɗan. Fukafukan roba da ke bakinsa su ne ke sharar ƙasa, kuma sharar ce ke jan ki gaba. Siminti yana cinye su a hankali, in sun gajarce sai su daina kaiwa ƙasa. Wasu kamfanoni, irin su Toro da hedkwatarsu ke nan kusa da ku a Bloomington, suna huda ɗan rami a jikin robar: in ci ya kai ramin, lokacin canji ya yi. A canza su tare da dogon abin kankara da ke ƙasan baki, don tare suke tsufa. Aikin sifana ne na ƙasa da awa guda. In kina aiki da shi ki ɗan ɗaga hannun sama kaɗan, robar ta taɓa ƙasa sosai.

Tambaya: Injina yana karkata hagu, taya ɗaya kawai ke ja. Kuma ranar da sanyi ya kai 30 ƙasa da sifiri sandan giya ya ƙi motsi sam.
Mai karatu, daga Edmonton

Amsa: Tsuguna ka dubi fil ɗin da ke riƙe taya a kan sandanta. A injina da yawa ramuka biyu ne: ɗaya yana ratsa taya da sanda tare, ɗaya na waje yana barin taya ta juya a sake don sauƙin kwana. Wataƙila na hagu yana ramin waje, ko ya karye ya faɗi. In duka suna daidai, auna iskar tayoyin, ɗaya ta fi ɗaya.

Sandan giya kuwa ruwa ne. Dusa ta narke ta shiga ciki, ta daskare a kan sandan ƙarfen da 'yar tayar roba ke zamewa, ko tsohon giris ya sandare. Kada ka yi masa ƙarfi, lanƙwasa shi za ka yi. Shigar da shi wuri mai ɗumi ya narke, ka goge, ka shafa ɗan mai mara kauri. Sai dai kada ka tada shi cikin gareji a rufe wai don ya ɗumama, gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta wari kuma tana kisa. Idan ka gama aiki ka bar shi ya yi minti biyu yana juyawa a waje, ka kakkaɓe dusar jikinsa da tsintsiya kafin ka shigar da shi. In bututun ya toshe kuma, kashe inji ka zungure da sanda, don fankar ciki tana iya zabura ta juya ko inji a kashe yake, ta tafi da yatsu.