Hukuncin Fim ɗin Barkwanci da Ke Yi wa Masu Neman Suna Ba'a

Tambaya: Malam, an fito da wani fim na barkwanci da ke kwaikwayon jarumai da 'yan TikTok, yadda suke aron mota su ɗauki hoto, ko su ƙirƙiri rigima don a yi ta maganarsu. A majalisarmu kai ya rabu. Wasu sun ce wa'azi ne, wasu sun ce cin naman mutane ne. Ya halatta a shirya shi ko a kalla?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, Allah Ya yi maka albarka. Ka fara duba abu guda: hali ake zarga a fim ɗin, ko wani mutum da kowa ya gane?

Son suna cuta ce, kuma shari'a ta riga 'yan fim yaƙarsa. Tirmizi ya ruwaito daga Ka'abu ɗan Malik cewa kyarketai biyu mayunwata da aka saka cikin garken tumaki ba su kai kwaɗayin dukiya da ɗaukaka ɓarna ga addinin mutum ba. Abu Dawud da Ibnu Majah kuma sun ruwaito cewa wanda ya sa tufar neman suna a duniya, Allah zai sa masa tufar ƙasƙanci ranar alƙiyama. Saboda haka idan an ƙirƙiri wani jarumi da babu shi, aka nuna yana cin bashi don ya burge mabiya, matarsa kuwa ba ta ɗora tukunya ba, wannan ya yi kusa da yadda Annabi (SAW) yake gyara: "Me ya sami wasu mutane?", ba tare da kama suna ba. Malamai sun yi saɓani kan wasan kwaikwayo shi kansa. Waɗanda suka hana sun kafa hujja da hadisin da ya yi narko ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne, labarin da mai kallo ya san ƙirƙira ne misali ake bugawa, ba yaudara ba.

Amma da zarar an ɗauko tafiyar wani, ko karin maganarsa, ko aka sauya harafi ɗaya a sunansa har 'yan kallo suna cewa "ai wane ne", hukunci ya canza. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili, ta 12 ta hana giba, kuma babu inda aka cire mai suna daga ciki. Nana A'isha ta taɓa kwaikwayon wani a gaban Annabi (SAW), ya nuna mata ba ya son haka ko da za a ba shi abin duniya. Wannan yana damuna ƙwarai, domin mun ɗauka wanda ya shahara mutuncinsa ya zama na banza. Yana da uwa, yana da 'ya'ya da za a tsokana a makaranta. Masu cewa ai shi ya bayyana fasiƙancinsa su sani Imam Nawawi ya taƙaita rangwamen ambaton aibin irin wannan mutum ga abin da ya bayyana kaɗai, ba a ƙara masa da ƙage.

Idan kuma akwai tsiraici, rawar maza da mata, ko wasa da aya ko sallah don a yi dariya, kallonsa bai halatta ba, komai kyan saƙonsa. In ya kuɓuta daga waɗannan, ka kalla, kada dai ya ci maka lokacin sallah, kada kuma ka yanko guntunsa ka tura kana cewa da wane ake.

Allah ne mafi sani.