Kada ka kai ta wurin mai walda

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya: an raba gado, tsohuwar bindigar kakanku ta faɗo a kasonka, tsatsa ta kama bakinta, ƙotar ta tsage, kana shawarar ko ka kai a goge ta a sake mata ƙota, ko ka bar ta yadda take. Na ga masu cewa a gyara ta fes, wai mutunta tsoho ne. Ni na taɓa bin wannan shawarar, har yau kuma ina cizon yatsa.

Amma kafin komai, ka tabbata babu ɗuri a cikinta. Tsofaffin nan sukan rataye adaka, wato bindiga mai ɗuri ta baki, da albarushinta a ciki, shi kuwa albarushi in bai sha ruwa ba yana iya tashi ko bayan shekaru masu yawa. Ka juya bakinta inda babu kowa, ka zura siririn kara har ya tokare, ka yi alama, sannan ka gwada shi ta waje. In karan bai kai gindin bututun ba, akwai abu a ciki. Kada ka taɓa kunamar, kada ka kai ta kusa da wuta, ka nemo tsohon maharbi ya duba.

Gidanmu yana cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Kuyambana, kakanmu kuwa yana cikin masu buga bindiga a hawan sallah. Guda biyu ya bari. Ni da rawar kan samartaka na saɓi wadda ta fi kyau na kai wa wani mai walda a Tudun Wada. Ya sa injin gurza ƙarfe ya bi ta tas, ya ba kafinta ya fafe sabuwar ƙota, aka shafe ta da fenti mai sheƙi. Fatar da aka naɗe tsakiyarta da ita, da layu biyu da ke ɗaure kusa da kunama, duk ya yanke ya watsar a bola. Na kawo ta gida ina jiran yabo. Goggonmu ta karɓa, ta shafa ƙotar da babban yatsanta tana neman wani ɗan gurbi da hannun kakanmu ya sassaƙe a wajen riƙo, ba ta same shi ba. Ta miƙo mini ta ce, "Wannan ta wane ce?" Ba ta ƙara ko kalma ba.

Asarar ta biyu sai daga baya na san da ita. A gefen ƙarfen kunamar akwai hoton kambi da rubutun TOWER, ni na ɗauka ado ne. Wani malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da na ba labari sai da ya riƙe baki. Ya bayyana mini cewa irin waɗannan tambura su ne takardar haihuwar bindiga: na Ingila daban, su Bamingam da suka yi ta ƙera wa kasuwar Afirka ta Yamma, na Liyej ta Beljiyam kuma haruffan ELG ne a cikin ɗan zagaye a jikin bututu. Tun yarjejeniyar Burasels ta 1890 Turawa suka taƙaita sayar wa mutanenmu bindigogin zamani, suka bar masu ɗuri ta baki. To ka ga da ɗan tambarin nan ake iya hasashen ko an ƙera ta kafin Turawa su shigo Zariya a 1902, ko bayan nan, ko ma maƙerin gida ne ya haɗa ta da sassan waje. Minti biyar injin ya yi ya share tawa.

Ɗayar da na raina, ita ce yanzu abin nunawa a gidanmu. Abin da na yi mata kaɗan ne. Tsatsa iri biyu ce, kuma nan mutane ke ruɗewa. Akwai baƙi-baƙin nan mai santsi da ya kwanta a jikin ƙarfe, wannan ka bar shi, rigarta ce. Akwai kuma ja mai gari da ke biyo yatsa, ita ce mai ci. Ita za ka ɗiga wa man keken ɗinki, ka bar shi ya kwana, ka goge da tsumma mai laushi, ka maimaita har ta daina fita. Ban da samfefa, ban da baƙin mai, ban da ruwan batir. Ƙotar ka kakkaɓe ta, ka shafa mata kakin zuma sama-sama. Tsagar kuwa, in ba buɗewa take ƙara yi ba, ƙyale ta. In tana ƙaruwa, kafinta mai haƙuri ya haɗa bakinta kawai, kuma ka tsaya a kansa har ya gama, don da ka juya baya zai ce ai gara sabuwa.

Wurin ajiya ma magana ce. Kada ka jingine ta da bangon ƙasa: damina za ta ba ta laima, gara ta bi ƙotar. Kada ka naɗe ta a leda, zufa take yi. Ka rataye ta a kwance a ɗaki mai iska.

Na san za a zuga ka ka fito da ita hawan Daushe. Ka ce musu a'a. Bututun da ya shekara haka ta ciki yake rubewa, ba ka gani sai ya fashe a hannunka. Batun hukuma kuma, Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar masu ɗuri ta baki a baya ba, har gyaransu sai da izini, don haka ka je da mai unguwarku wurin 'yan sanda ka ji ƙa'idar riƙe ta. Dillalan kayan da za su zo da tayi mai daɗi, ka sani fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi. In riƙon ya fi ƙarfinka, ka tuntuɓi gidan tarihi na Kaduna ko Gidan Makama a Kano.

Yau ɗin nan, tun ba ka ɗiga mata mai ba, ka ɗauki hotonta ta kowane gefe da rana, musamman wajen kunama da gindin bututu, ka turo mu gani. Sannan ka kai ta gaban wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, ka kunna rikodar waya, ka tambaye shi labarinta, in kuma akwai layu a jikinta, wa ya ɗaura su.