Kafin ka ajiye zarto ka ɗauki sanda

Kai yaro na ga saƙonka tun daren jiya, wai ka kalli bidiyon ɗan wasan sinukan nan na Chana Si Jiahui kana tambaya ta yaya ya kai inda ya kai, kuma ko kai ma in ka bar aikin tebur ka riƙe sanda kaɗai za ka iya, tunda a layinku babu mai cinka. To bari in amsa maka a rubuce don a shago hayaniyar Panteka ba ta barin mutum ya yi magana mai tsawo.

Da farko dai abin da muke haɗawa muna sayar wa masu gidan wasa a Tudun Wada da Kawo da Rigasa, kowa na ce masa sinuka, amma ba shi waɗancan suke bugawa ba. Namu ƙaramin tebur ne, filawud a ƙasa, ramuka masu faɗin baki yadda ko ka ɗan kauce ƙwallo zai daki roba ya faɗa. Nasu ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ƙarƙashin ƙyallen dutse ne aka fafe shi sumul, a manyan gasa har ɗumama teburin ake yi ta ƙasa don ƙwallo ya yi gudu, ramin kuma a matse yake, bakinsa a lanƙwashe. Jajaye 15, masu launi 6, sai farin. Kai da hannunka ka ja ƙyalle a kan namu, ka san in an bar ɗan tudu wajen rami yadda ƙwallo ke karkata, to a can babu wannan uzurin ko kaɗan.

Shi Si ɗin an haife shi a 2002, ya shiga sahun ƙwararru a 2019. Katin da ake ba mutum don ya buga gasannin ƙwararru na shekara biyu ne, 'yan wasan wajen 128 ne, in wa'adinka ya cika ba ka cikin 64 na sama, galibi sai dai ka tattara. Matsayin nan kuma ba wani alƙali ke rabawa ba, kuɗin da ka ci a gasa cikin shekara biyu ake tarawa, shi ne lambarka. Sabon shiga daga sifili yake farawa, kuma sau da yawa tun zagayen farko sai a haɗa shi da wanda ya yi shekara ashirin yana wannan harka. Abin da ya ci Si kenan, a 2021 katinsa ya ƙwace, ya koma ɗan wasan sha'awa.

Nan ne wajen da nake so ka tsaya ka duba, ba bidiyon da kuke turawa juna ba. Bai da kati amma aka cike gurbi da shi a gasar UK Championship ta ƙarshen 2021, ya fitar da Shaun Murphy, tsohon zakaran duniya, 6-5, har Murphy ya fusata ya ce bai kamata a bar waɗanda ba ƙwararru ba su riƙa shiga irin wannan gasa. A 2022 ya ci gasar duniya ta 'yan sha'awa, katinsa ya dawo. Shekara na zagayowa yana lamba 80 ya bi ta wasannin share fage ya shiga Crucible a garin Sheffield na Ingila, inda ake buga gasar duniya tun 1977, kuma wa aka haɗa shi da shi a zagayen farko? Murphy ɗin nan dai, ya sake fitar da shi 10-9. Ya tafi har wasan kusa da na ƙarshe yana ɗan shekara 20.

A can ya ja Luca Brecel na Beljiyam 14-5, saura zubi uku kacal ya shiga wasan ƙarshe, sai Brecel ya ci 11 a jere, aka tashi 17-15. Ni a ganina ba hannunsa ne ya gaza ba, yaron yana son harin nesa, in ya shiga kowa ya tafa, in bai shiga ba ka buɗe wa mutum tebur ka koma kujera kana kallo, kuma a wannan matakin kuskure ɗaya ya isa a share teburin gabanka. Kamar goge katako ne, mai gaggawa yana cire katako da yawa, abin da ya fita kuma ba ya komawa. Duk da haka ya tashi da fam dubu 100, ya haura sama sosai, a 2024 ya kai wasan ƙarshe a German Masters Judd Trump ya doke shi, a Wuhan kuma ya rama kan Trump ɗin har da 147, wanda shi ne cikakken maki a tashi ɗaya.

Ku a layi jefa ƙwallo a rami kuke kira iya wasa. Ƙwararre kafin ya buga ya riga ya san inda farin zai tsaya da kuma ƙwallon da zai bi bayan wancan. In kana son gwada kanka, jera jajaye a tsakiyar tebur, kafin kowane bugu ka ɗora yatsa inda kake nufin farin ya tsaya, ka ga sau nawa yake jin maganarka. Ka koyi dukansa ta ƙasa ya dawo, ta sama ya bi, ka bar shafa alli kamar mai fenti, ka gyara fatar kan sandarka da na gani ta baje. Sannan ka koyi ɓoye fari bayan wani ƙwallo in babu hanya, wannan da kuke cewa wasan tsoro.

Hanyar shiga kuwa akwai Q School, gasar neman kati, da ake biyan kuɗi a shiga, ga biza ga jirgi ga masauki duk a wuyanka, akwai kuma gasar Afirka da zakaranta ke samun kati, galibi 'yan Masar da Maroko ne suka riƙa ɗauka, don suna da manyan tebura da suke wuni a kai. Su ma in sun je riƙe katin wuya yake musu.

Saboda haka ban yarda ka ajiye aiki ba, kuma caca a kan wasa kar in sake ji, ko a can Zhao Xintong sai da ya sha dakatarwar wata 20 kan badaƙalar caca kafin ya dawo ya ci gasar duniya a 2025. Ka nemi inda ake da babban tebur ka riƙa zuwa ranar da ba mu aiki, ka zo ka gaya min maki nawa ka tara a tashi ɗaya, daga nan sai mu san maganar da za mu yi. Gobe ka zo da wuri, robar teburin mutumin Unguwar Sanusi ta iso.